Theodor Escherich: Likitan yaran da ya gano E. coli, ƙwayar da kan zauna a mafitsara ba tare da ciwo ba

Idan aka tura mace mai juna biyu daga Roumbou zuwa Dakoro ko Maradi domin gwajin fitsari, sau da yawa takardar sakamakon kan dawo ɗauke da wani gajeren suna: E. coli. Wani lokaci matar tana fama da zafin fitsari da ciwon mara. Wani lokaci kuma lafiyarta lau, har ta riƙa mamakin abin da ya sa ungozoma ta dage sai ta sha magani na tsawon mako guda. Kakarta kuwa, da za a samu wannan ƙwayar cuta a fitsarinta alhali ba ta jin komai, likita zai iya sallamar ta ba tare da ya rubuta mata magani ba.

Harafin E da ke farkon sunan an ɗauko shi ne daga sunan Theodor Escherich, wani Bajamushe likitan yara da ya rasu a shekarar 1911. Shi ya fara bayyana wannan bakteriya a cikin kashin jarirai masu ƙoshin lafiya, daga baya kuma ya same ta a fitsarin yara marasa lafiya. Tambayar da aikinsa ya bari ita ce, me ya sa ƙwaya guda take zama lafiya da wani, ta kwantar da wani? An shafe sama da shekara 100 kafin ilimin ƙwayoyin gado ya fara bayar da amsa.

Ɗan likita a ƙasar da jarirai ke mutuwa

An haifi Theodor Escherich ranar 29 ga watan Nuwamba na shekarar 1857 a garin Ansbach da ke masarautar Bavariya, a kudancin Jamus ta yau. Mahaifinsa, Ferdinand Escherich, likitan gwamnati ne mai kula da lafiyar al'umma, kuma an san shi da tattara alƙaluman haihuwa da mace-mace. Alƙaluman Bavariya na wancan zamani masu tayar da hankali ne, domin kusan jariri 1 cikin 3 kan rasu kafin ya cika shekara. A yankuna da dama na kudancin masarautar mata ba su cika shayar da nono ba. Kunun gari da madarar shanu ake ɗura wa jarirai, zawo kuma ya yi ta ɗaukar su, musamman idan zafi ya shigo.

Theodor yana da shekara 5 mahaifiyarsa ta rasu. Bayan wasu shekaru iyalin suka koma birnin Wurzburg. Da ya kai shekara 12 aka kai shi makarantar kwana ta limaman Katolika a garin Feldkirch na ƙasar Ostiriya, inda ya yi shekara 3, sannan ya dawo Wurzburg ya kammala sakandare a 1876. Ya yi aikin soja na wata 6 a Strasbourg, ya fara karatun likita a jami'ar Wurzburg, ya leƙa jami'o'in Kiel da Berlin, kuma ya ci jarrabawar zama likita a ƙarshen 1881.

Ya yi aiki a matsayin mataimakin Farfesa Carl Gerhardt a asibitin Julius da ke Wurzburg. Gerhardt yana cikin ƴan tsirarun manyan likitocin Jamus da suka ɗauki cututtukan yara da muhimmanci a lokacin da fannin bai tsaya da ƙafarsa ba. A ƙarƙashinsa Escherich ya rubuta kundin digirinsa a 1882, kan daskarewar jini a jijiyoyin kai ga jariran da amai da zawo suka ƙarar da ruwan jikinsu. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa bai rabu da batun cikin jariri ba.

Abin da ya gani a Munik

Shekarun sun zo daidai da lokacin da ilimin ƙwayoyin cuta ke bunƙasa. A Faransa Louis Pasteur ya riga ya nuna cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke sa madara ta yi tsami, abinci ya ruɓe. A Jamus Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya kuma bi sawun ƙwayar kwalara a Masar da Indiya a 1883 da 1884. Duk matashin likita a lokacin burinsa shi ne ya kama ƙwayar da ke haddasa wata cuta.

Escherich ya je Biyana, babban birnin Ostiriya, ya ƙara ilimi a asibitin yara na St. Anna, sannan ya koma birnin Munik a 1884. A watan Oktoba na shekarar gwamnatin Bavariya ta tura shi birnin Napoli na Italiya, inda annobar kwalara ke kashe mutane da dubbai, domin ya yi nazari. Da ya dawo Munik sai ya koyi dabarun Koch na raya bakteriya a faranti daga wajen Wilhelm Frobenius, wanda ya yi horo a hannun Koch ɗin.

A nan ya ɗauki wata hanya dabam da ta takwarorinsa. Ya ga cewa ba za a gane ƙwayar da ke kawo zawo ba sai an fara sanin waɗanda ke zaune a hanjin yaro mai lafiya. Don haka ya duƙufa sama da shekara guda yana tattara kashin jarirai, yana rina shi, yana dubawa a madubin hangen ƙananan halittu, yana raya abin da ya samu iri-iri a faranti dabam-dabam. Ya lura cewa baƙin kashin farko da jariri ke yi ba ya ɗauke da bakteriya, amma cikin ƴan sa'o'i bayan haihuwa sai su fara shiga, kafin kwana guda sun kafa zama.

Ranar 14 ga watan Yuli na 1885 ya gabatar da sakamakonsa a gaban wata ƙungiyar masana a Munik. A 1886 ya fitar da littafi mai shafi 177 kan bakteriyar hanjin jariri da alaƙarsu da narkewar abinci, inda ya bayyana iri 19. Ɗaya daga ciki, wata ƴar gajeruwa mai siffar sanda da ke saurin hayayyafa, ya same ta kusan a kowane yaro. Ya raɗa mata suna Bacterium coli commune da harshen Latin, ma'ana bakteriyar babban hanji wadda kowa ke da ita. Sunan da kansa ya nuna yadda ya ɗauke ta a lokacin: ƴar gida ce, ba baƙuwa ba. Yana da shekara 28 littafin ya sa aka san shi a matsayin jagoran masu nazarin ƙwayoyin cuta a fannin yara, aka kuma ba shi aiki a asibitin yara na Hauner da ke Munik a ƙarƙashin Heinrich von Ranke.

Graz: ƙwayar ta bayyana a fitsari

A 1890 jami'ar Graz da ke Ostiriya ta kira shi ya zama farfesan cututtukan yara kuma shugaban asibitin yara na birnin. Ya yi shekara 12 a can. A Graz ya auri Margarethe Pfaundler, ɗiyar wani farfesan kimiyyar fiziya, suka haifi ɗa namiji a 1893 da mace a 1895. Ƙanen matarsa, Meinhard von Pfaundler, ya zama ɗalibinsa, daga baya shi ma ya zama babban likitan yara a Munik.

Ya faɗaɗa asibitin, ya haɗa shi da ɗakin gwaje-gwaje, ta yadda abin da aka gani a gadon mara lafiya za a iya bin sa har ƙarƙashin madubi. Lokacin da aka samar da ruwan allurar maganin mashaƙo a tsakiyar shekarun 1890, yana cikin likitocin farko da suka yi wa yara amfani da shi, ya kuma rubuta littafi kan sakamakon a 1895. Mashaƙo ita ce cutar maƙogwaro da ta sake ɓulla a Nijar da arewacin Najeriya a 2023.

A 1894 ya gabatar da wani bayani da ya sauya yadda ake kallon ƙwayar da ya gano. Ya ba da rahoton yara masu kumburin mafitsara, waɗanda ya samu Bacterium coli commune a fitsarinsu. Ya lura cewa ƴan mata ne abin ya fi shafa, ya kuma danganta hakan da cewa ƙwayar tana fitowa ne daga hanji, ta bi ta fata, ta hau ta hanyar fitsari zuwa mafitsara. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kuma tana kusa da dubura, shi ya sa tafiyar ta fi sauƙi. Kafin wannan lokaci likitoci sun ɗauka ciwon mafitsara ba kasafai yake kama yara ba, don haka ba su cika duba fitsarinsu ba idan sun zo da zazzaɓi.

Har yau bayanin nasa yana nan daram. E. coli ce ke haddasa mafi yawan cututtukan hanyar fitsari a duniya, kusan kashi 3 cikin 4 na waɗanda ake kamuwa da su a gida. Shawarar da ake ba iyaye mata ta su riƙa yi wa ƴaƴansu mata tsarki daga gaba zuwa baya ta samo tushe ne daga wannan fahimta. Abin da Escherich ba shi da kayan aikin da zai tantance shi ne ko ƙwayar hanji da ta mafitsara iri ɗaya ne sak, domin a madubinsa kamarsu ɗaya.

Biyana da yaƙin shayarwa

A 1902 aka naɗa shi farfesa a jami'ar Biyana kuma shugaban asibitin St. Anna, inda ya taɓa zama ɗalibi. Ya tarar da birni mai ƙasaita wanda kusan jariri 1 cikin 5 ke mutuwa a shekarar farko. Ya san cewa babu allurar da za ta magance wannan. A 1903 ya yi kira ga matan Biyana masu hali da su kawo gudummawa, aka kafa ƙungiyar kare jarirai. Ƙungiyar ta buɗe wurin ba iyaye mata shawara, tana ƙarfafa shayar da nono, tana raba tsabtatacciyar madara ga waɗanda ba su iya shayarwa. Ya kuma buɗe sashen jarirai a asibitin tare da makarantar horar da masu jinyarsu.

A wannan tsakani ne ɗansa Leo ya rasu yana da shekara 10 sakamakon ciwon afendis. Likitan da ya ceci ƴaƴan mutane da dama bai iya ceton nasa ba, domin a zamanin babu maganin kashe bakteriya ko guda. Sai a 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin, kuma bai shiga hannun likitoci sosai ba sai a shekarun 1940.

Sunansa ya kai ƙetare. A 1904 aka gayyace shi birnin St. Louis na Amurka ya yi jawabi kan fannin lafiyar yara a wani babban taron masana na duniya. A 1906 Sarki Franz Joseph ya ba shi muƙamin girmamawa na mashawarcin fada. Ɗalibansa ma sun yi suna. Clemens von Pirquet shi ya ƙirƙiro kalmar da likitoci ke amfani da ita a yau wajen kiran borin jini, ya kuma fito da gwajin tarin fuka na fata a 1907. Béla Schick ya fito da gwajin mashaƙo a 1913. Ernst Moro kuwa har yanzu da sunansa ake kiran zaburar da jariri ke yi, ya buɗe hannuwa idan ya ji kamar zai faɗi, abin da likitoci da ungozomai ke dubawa bayan haihuwa.

Escherich ya tsara sabon asibitin yara na jami'ar Biyana, amma bai ga buɗe shi ba. Ya rasu ranar 15 ga watan Fabrairu na 1911 sakamakon bugun jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 53. Ɗalibinsa Pirquet ne ya gaje shi.

Sunan da ya samu bayan rasuwarsa

Escherich bai taɓa jin ana kiran ƙwayar da sunansa ba. A 1919 wasu likitocin cututtukan ƙasashe masu zafi su biyu, Aldo Castellani ɗan Italiya da Albert Chalmers ɗan Birtaniya wanda ke shugabantar wata cibiyar bincike a Khartoum na Sudan, suka ba da shawarar a kira ta Escherichia coli. An amince da sunan a hukumance a 1958.

Kafin nan ƙwayar ta riga ta zama abin aiki a ɗakunan bincike, saboda ba ta da wuyar rainon, kuma idan ta samu abinci da ɗumi takan rabu biyu duk bayan kimanin minti 20. A 1946 Joshua Lederberg da Edward Tatum a jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa E. coli biyu kan haɗu, ɗaya ta miƙa wa ɗaya wani yanki na ƙwayoyin gadonta. A 1961 François Jacob da Jacques Monod na cibiyar Pasteur da ke Paris suka yi amfani da ita wajen bayyana yadda halitta ke kunna ƙwayar gado ta kuma kashe ta, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff. A 1978 aka sa E. coli ta samar da insulin irin na ɗan Adam, maganin da masu ciwon suga ke dogara da shi. A 1997 aka kammala karanta DNA ɗin irin da ake kira K-12: haruffa kimanin miliyan 4.6 da ƙwayoyin gado sama da 4,000.

Wannan karatu ne ya warware abin da ya gagari madubin Escherich. Kamar yadda hatsi yake iri-iri, wani mai saurin nuna, wani mai doguwar zangarniya, haka E. coli take. A 2002 masu bincike a Amurka suka kwatanta iri 3: K-12 marar cutarwa, da wani mai kawo zawo da jini, da wani mai suna CFT073 da aka samu a jinin wata mata mai ciwon ƙoda. Suka tarar cewa ƙasa da kashi 40 cikin 100 na jimillar sinadaran furotin da ukun ke iya haɗawa ne kawai suka yi tarayya a kai. Irin da ke kama hanyar fitsari yana da ƙarin ƙwayoyin gado jere a wuri guda, waɗanda Jörg Hacker da abokan aikinsa suka raɗa wa suna tsibiran cutarwa. Hacker ya yi wannan aiki ne a jami'ar Wurzburg, inda Escherich ya yi karatu.

Daga cikin abin da waɗannan ƙwayoyin gado ke samarwa akwai wasu siraran gashi masu ƙugiya a jikin bakteriyar. Duk wanda ya taɓa ratsa dajin Dakoro bayan damina ya san yadda ƙarangiya ke maƙalewa a wando. Haka wannan iri ke maƙalewa a bangon mafitsara, fitsari ya kasa wanke shi. Wata ƙugiyar ta mafitsara ce, wata ta ƙoda. Da zarar ya maƙale sai garkuwar jiki ta farga ta kawo ɗauki, kuma wannan faɗa ne ke haifar da kumburi da zafin fitsari da zazzaɓi.

Ƙwayar da ta zubar da ƙayarta

To yaya ake samun mutum da bakteriya maƙil a fitsari amma ba ya jin komai? A 1956 wani likita a birnin Boston na Amurka, Edward Kass, ya nuna cewa hakan ya zama ruwan dare, ya kuma kafa ma'aunin da ɗakunan gwaji ke bi har yau: bakteriya 100,000 a kowace mililita ta fitsari. A shekarun 1970 likitoci a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin suka gwada fitsarin dubban ƴan mata ƴan makaranta, suka riƙa bibiyar waɗanda aka samu da wannan yanayi. Daga ɗaya daga cikinsu, wadda ta ɗauki ƙwayar tsawon shekara 3 ba tare da ciwo ba, aka ware wani iri da aka ba lamba 83972.

Likitocin Gothenburg sun lura da wani abu da ya ba da mamaki, suka wallafa shi a 1989. Ƴan matan da aka bari ba a ba su magani ba galibi sun ci gaba da zama lafiya da irin da suke ɗauke da shi. Waɗanda aka ba fenisilin saboda wata cuta dabam, kamar ciwon maƙogwaro ko na kunne, sai maganin ya share tsohuwar ƙwayar, wata sabuwa ta maye gurbinta, wasunsu har suka kamu da ciwon ƙoda. Ashe tsohuwar ƙwayar gadi take yi musu.

Daga 2006 masu bincike a Denmark da Suwidin da Jamus suka shiga cikin DNA ɗin 83972. Suka tarar dangin CFT073 ne na kusa, wato kakanninsa masu cutarwa ne. Sai dai wani dogon yanki na ƙwayoyin gadon da ke haɗa ƙugiyar mafitsara ya ɓace gaba ɗaya, sannan ƙananan sauye-sauye sun lalata ƙugiyar ƙoda da wata ta uku. Ƙarangiya ce da ta zubar da ƙayarta. Tunda ba ya maƙalewa, garkuwar jiki ba ta tashi a kansa. Abin da ke riƙe shi a mafitsara shi ne saurin hayayyafa a cikin fitsari, har yakan rinjayi masu cutarwa idan aka haɗa su wuri guda.

A jami'ar Lund ta Suwidin, likitoci tare da Farfesa Catharina Svanborg suka gwada zuba 83972 da gangan a mafitsarar marasa lafiyar da mafitsararsu ba ta zubar da fitsari duka, waɗanda ke yawan kamuwa da ciwo. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa sun fi samun sauƙi a lokacin da suke ɗauke da ƙwayar. A wannan shekarar ce kuma masana a Wurzburg suka karanta DNA ɗin ƙwayoyin da aka sake ɗebowa daga jikin wasu daga cikin marasa lafiyar bayan watanni, suka ga cewa a jikin kowane mutum ƙwayar ta yi nata sauye-sauyen domin ta dace da mai masaukinta. Wani binciken na Lund ya nuna cewa jikin mutum ma yana da nasa kason, domin yaran da ke ɗauke da ƙwayar ba ciwo sukan zo da ƙarancin wani sinadarin garkuwa mai suna TLR4, wanda ke ankarar da jiki idan bakteriya ta shigo.

Abin da wannan ke nufi a jihar Maradi

Saboda irin waɗannan bincike ne ƙa'idojin likitoci na yau suka ce idan an samu bakteriya a fitsarin mutum kuma babu alamar ciwo, galibi ba a ba shi magani. Wannan ya haɗa da tsofaffi da masu ciwon suga da matan da ba su da ciki. An keɓe rukuni biyu: mai juna biyu, da wanda za a yi wa tiyata a hanyar fitsari.

Dalilin keɓe mai ciki ya koma ga aikin Kass. Ciki yana sassauta bututun da ke saukar da fitsari daga ƙoda, mahaifa kuma tana danne su, sai fitsari ya riƙa tsayawa, bakteriya ta samu damar hawa. A binciken farko-farko, kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na masu cikin da ke ɗauke da ƙwayar ba tare da an ba su magani ba sun kamu da ciwon ƙoda kafin haihuwa, ciwon da kan jawo naƙuda kafin lokaci, ya kuma jefa rayuwar uwa cikin haɗari. Shi ya sa a ƙa'idojin awon ciki da ta fitar a 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada fitsarin mai ciki, idan an samu ƙwayar a ba ta magani na kwana 7. Gwajin ɗakin bincike ba ya faɗa wa ungozoma ko irin da ke jikin matar mai ƙaya ne ko marar ƙaya, don haka ba a caca da ran uwa da ɗa.

Ɗaya ɓangaren darasin ya shafi yadda ake shan magani. A kasuwanninmu da tashoshin mota ana sayar da kafso iri-iri da sunan maganin sanyi, mutane suna sha ba gwaji, wasu ma don rigakafi kawai. Kowane irin wannan sha yana kashe bakteriyar da ke zaune lafiya a jiki, ya bar waɗanda ba sa jin magani su yi yawa. Musayar ƙwayoyin gadon da Lederberg ya gano a 1946 ita ce hanyar da wannan taurin kai ke yaɗuwa daga wata bakteriya zuwa wata. Wani bincike da aka wallafa a 2011, wanda aka gudanar a wata cibiyar kula da yara masu tamowa a birnin Maradi, ya gano cewa kusan yaro 1 cikin 3 ya iso ne ɗauke da bakteriyar hanji masu jure wa manyan magunguna, kuma ƙwayar gadon jurewar, mai suna CTX-M-15, tana tsallakawa tsakanin bakteriya iri dabam-dabam. Irin waɗannan ne ke hawa mafitsara daga baya, su sa ciwon da a da kwana 3 ke warkar da shi ya gagari magani.

Wannan ba ya nufin a yi sakaci da ciwo. Zafin fitsari, yawan fitsari kaɗan-kaɗan, ciwon kwiɓi da zazzaɓi da rawar ɗari, ko zazzaɓin jariri da gwajin cizon sauro bai nuna komai ba, duka dalilai ne na zuwa likita ba tare da jinkiri ba. Jini a fitsarin yaron da ke wanka a tabki kuma yana iya zama tsargiya, wadda tsutsa ce ke kawo ta, maganinta dabam ne.

Ƙwayar da Escherich ya raya da hannunsa a Munik ba ta mutu ba. An ajiye ta a ma'ajiyar ƙwayoyin bakteriya ta ƙasar Birtaniya tun 1920, da lamba NCTC 86. A 2017 masu bincike suka wallafa cikakken DNA ɗinta, suka tarar ƴar'uwar K-12 ce ta kusa, ba ta ɗauke da makaman da masu cutarwa ke da su. Sunan da ya raɗa mata a 1885 ya dace da ita: ƴar gida ce da ke zaune lafiya a hanjin jariri.